Gafaka da Hotuna Goma: Nazarin Wata Taƙaddama kan Makin Tarihin Fasaha a Maradi

Lamarin da za a bayyana a nan ya faru ne a wata makarantar ilimi mai zurfi da ke Maradi, a ƙarshen zango na biyu, daf da faɗuwar damina. Ya shafi wata ɗaliba ƴar aji biyu a sashen tarihi, wadda ta samu 16 bisa 20 a aikin cikin zango na darasin tarihin fasaha, sannan ta samu 4 bisa 20 a jarrabawar ƙarshen zango ta wannan darasin. Tazarar da ke tsakanin makin biyu ta sa aka zarge ta da cewa wani ne ya rubuta mata aikin. Ina cikin malaman da aka ɗora wa alhakin bin diddigin maganar. Na sakaya sunan makarantar da na mutanen da abin ya shafa, domin abin da ya dame ni shi ne yadda muke auna ɗalibai a wannan fanni, kuma wannan matsala ta fi ƙarfin mutum guda.

Makarantar tana bin tsarin lisansi, masta da dakta, wanda ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, suka amince da shi a 2007: shekara uku kafin lisansi, zango shida, kowane zango da kiredi 30, wato ma'aunin nauyin karatu. Sai ɗalibi ya kai 10 bisa 20 ake cewa ya ci darasi, wanda bai kai ba kuwa ya koma zagaye na biyu, wato ratrapaj. A wannan darasin aikin cikin zango yana ɗauke da kashi 40 cikin ɗari na makin ƙarshe, jarrabawa kuma kashi 60. Saboda haka 16 ɗin ɗalibar ya ba ta 6.4, 4 ɗin ya ba ta 2.4, jimla 8.8. Da a nan maganar ta tsaya, da an rubuta sunanta cikin masu komawa zagaye na biyu kowa ya kama gabansa.

Darasin kansa ya fi ƙarfin lokacin da aka ba shi. A cikin zango guda, malami ɗaya zai ɗauko ɗalibai daga zanen dabbobin kogon Lascaux na Faransa da raƙuman dawan da aka sassaƙa a dutsen Dabus da ke arewacin Agadas, ya bi da su ta tsofaffin kawunan yumɓu na Nok a Najeriya da na Bura a Nijar, ya shiga ginin ƙasa na ƙasar Hausa, sannan ya tsallaka Italiya da Faransa. Da ya ga ba zai iya kai su gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai ba, balle gidajen tarihin Turai, sai ya tsara aikin cikin zango ta yadda kowa zai zaɓi abu guda da hannun mutum ya ƙera, ya bayyana shi filla-filla, ya kwatanta shi da wani irinsa, ya kuma tambayi masu sana'ar in suna kusa. Wannan zaɓi ya sauƙaƙa wa wasu ɗaliban da zuciyarsu ba ta kwanta da nazarin mutum-mutumi ba saboda dalilin addini, kuma malamin bai tsananta musu ba. Da yawa sun so su yi aiki kan tsofaffin gidaje masu ado, amma ambaliyar gulbi ta 1945 ta cinye tsohon garin Maradi har aka hau da shi kan tudu, don haka wanda ke neman irin adon bangon da ke unguwar Birni a Damagaram zai sha wahala a nan. Sai rukuni guda suka roƙi a bar su su yi rubutu kan masallacin Agadas, duk da cewa babu wanda ya taɓa zuwa a cikinsu, kuma aka bar su.

Ita ɗalibar gafaka ta zaɓa. Ta ɗauko tsohuwar gafakar da kakanta yake ajiye Alƙur'aninsa a ciki, ta ajiye ta kusa da wata sabuwa da ta aro daga wani mai shago a kasuwa, ta yi musu kallon tsanaki. Na karanta aikin, kuma abin da ya bambanta shi da sauran shi ne kusan kowace jimla tana da abin da za a iya nunawa da yatsa. Ta ce tsohuwar fatar jar akuya ce, irin wadda Maradi ta yi suna da ita, an jeme ta da bagaruwa, an rine ta da karan dafi, kuma jan bai tsaya iri ɗaya ba: a murfi, inda hannu ke yawan taɓawa, ya koma launin hanta yana ƙyalli, a ƙarƙashin murfin kuwa, inda rana ba ta kai ba, yana nan da sauran haskensa. Ta nuna inda baduku ya tsaga saman fatar da wuƙa ya ɓare shi don farin ciki ya fito ya zama zane, da inda ya saƙa siraran koriyar fata ta cikin ƙananan tsaga. Ta auna ɗinkin da ma'auni ta ga tazararsa ba ta zo ɗaya ba, yana matsewa a kusurwa inda nauyin littafi ke ja. Sabuwar kuwa ta ce jan nata ɗaya ne daga sama har ƙasa, koren da ke jikinta roba ce, ɗinkin na keke ne, amma tsarin zanen, wato yadda aka raba murfin gida huɗu aka bar tsakiya, bai canza ba. Daga nan ta kafa hujjarta cewa kayan aiki sun sauya amma tsarin ado ya tsira, ta kuma kawo bayanin wani tsohon baduku kan dalilin da ya sa matasan masu sana'ar suka koma rinin kasuwa: sauri da araha, da kuma mai saye da ba ya tambaya.

Jarrabawar ƙarshen zango tana da wani tsari daban, wanda aka gada daga jami'o'in Turai. Ana haska hoto da majigi na ƴan mintoci, ɗalibi ya rubuta sunan aikin, da wanda ya yi shi ko al'ummar da ta yi shi, da zamaninsa, da inda yake. Sannan a haska hotuna biyu gefe da gefe a ce a kwatanta, hanyar da ake dangantawa da Heinrich Wölfflin, malamin tarihin fasaha ɗan ƙasar Suwizalan da ya shahara da koyarwa da majigi biyu. A wannan jarrabawar hotuna goma ne, kowane da maki 1.5, sai tambayar kwatance mai maki 5. Wato kashi uku cikin huɗu na makin ya rataya ne a kan gane hoto da tuna shekara.

Ranar jarrabawa wuta ta ɗauke kafin a fara, injin wutar makarantar kuma bai tashi ba. Malamin, da yake ya san halin da ake ciki, ya riga ya tanadi hotunan a takarda, fotokopi baƙi da fari, aka raba wa kowa. A wannan lokacin kowa ya yaba masa, domin in ba haka ba sai an ɗage jarrabawar, kuma jadawalin ya riga ya cika. Sai da muka zauna da takardun a gabanmu muka ga abin da injin fotokopi ya yi wa hotunan. Raƙumin dawan Dabus, wanda tsawonsa ya haura mita 5 a jikin dutse, ya fito daidai da girman zanen Mona Lisa, wadda tsawonta santimita 77 ne, babu wata alama da ke nuna bambancin. Bijimin Lascaux ya rasa ja da rawayan da ke kewaye da shi, sai baƙin layin jikinsa. Wanda ya fi lalacewa shi ne zanen Claude Monet, mai zane ɗan Faransa, na fitowar rana a tashar jiragen ruwa ta Le Havre, wanda ya yi a 1872 aka nuna shi a Faris a 1874. Ranar da ke cikin zanen ruwan goro ce a kan sarari mai toka-toka da shuɗi, kuma ƙarfin haskenta kusan ɗaya ne da na sararin, launi ne kawai ya raba su. Da aka cire launi sai ranar ta kusa ɓacewa gaba ɗaya. Abin da ya rage a takardar shi ne hazo mai duhu da wani ɗigon baƙi a tsakiya, wanda shi ne kwale-kwalen.

Duk da haka akwai ɗaliban da suka gane wannan hazo nan take, har da shekara da sunan gari. Dalilin bai ɓuya ba. Tun farkon zango malamin ya ba da takardun darasi ana yin fotokopinsu a shagunan bakin makaranta, kuma waɗannan hotunan ne a ciki, baƙi da fari, wasu ma kwafi ne na kwafi. Wanda ya haddace takardun ya haddace siffar tabon da ke kowane shafi tare da rubutun da ke ƙarƙashinsa. Ɗalibar da muke magana a kanta ba ta sayi takardun ba, da hotuna masu launi da malamin ya tura a zauren WhatsApp na ajin ta yi bita a wayarta. A takardar amsarta, a gurbin zanen Monet, ta rubuta cewa ba ta ga rana ba, don haka ba ta tsammanin shi ne.

Wannan bai wanke ta daga nata rauni ba, kuma dole a faɗa. Hotunan da launi bai shafe su ba ma ta faɗi a yawancinsu. Ta gane kan Nok da idanunsa masu huda, amma ta sa shi bayan Bura, alhali kawunan Nok sun riga haihuwar Annabi Isa (AS) da ƙarnoni, maƙabartar Bura da ke yankin Tera kuwa, wadda aka gano a 1975 masanin haƙar kayan tarihi Boubé Gado ya haƙa a 1983, daga wajen ƙarni na 3 na miladiyya take farawa. A tambayar kwatance an ba su masallacin Agadas da na Yama da ke jihar Tawa. Ta bayyana hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27 da itatuwan da suka fito daga jikinta, waɗanda magina ke takawa lokacin yaɓe, ta kuma lura cewa hasumiyoyi huɗu na Yama babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. Amma ta ce duka biyun ginin ƙarni na 16 ne, alhali na Yama a 1962 magini Falke Barmu ya fara shi, har masallacin ya samu lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gini a 1986. Ginin ƙasa ya yi mata kama da tsoho sai ta ƙara masa shekara ɗari huɗu. Ga ɗalibar tarihi wannan babban kuskure ne, domin ya rufe mata ido daga ganin cewa sana'ar tana raye kuma tana ƙirƙiro sabon abu a zamanin iyayenta.

Da aka zo zaman tantance sakamako, ra'ayi ya rabu. Shugaban sashe ya ce doka a bayyane take, 8.8 bai kai 10 ba, ta koma zagaye na biyu. Wani malami ya ce maganar ta wuce nan, domin a ganinsa wadda ba ta san Nok ta riga Bura ba ba za ta iya rubuta irin wannan aiki ba, ga shi kuma Faransancin aikin ya fi na takardar jarrabawarta tsabta nesa ba kusa ba; ko dai an rubuta mata, ko ta sa manhajar kwamfuta ta rubuta, kuma hukuncin haka sifili ne da gurfana gaban kwamitin ladabtarwa. Malamin darasin kuwa ya nemi a soke sashen hotunan gaba ɗaya saboda lalacewarsu. Damuwar malamin da ya yi zargin tana da tushe, domin sayen aiki da kwafo rubutu daga intanet abubuwa ne da muke gani. Inda na saɓa da shi shi ne ɗaukar tazarar maki a matsayin hujja, alhali ma'auni biyun ba abu ɗaya suke aunawa ba, tamkar a auna gero da tiya a auna yadi da kamu sannan a ce ɗaya ya ƙaryata ɗaya.

Aka kira ɗalibar aka ce ta kawo duk abin da ta yi aiki da shi. Ta zo da littafin rubutunta mai ɗauke da zanen gafakar da ma'aunin ɗinki, da hotuna a waya masu kwanan wata tun tsakiyar zango, da muryar tsohon badukun da ta naɗa da Hausa. A wani wuri a cikin muryar ana jin sa yana ce mata: "Ƴata, juya ki dubi bayan, can ake gane hannun mutum." Game da Faransancin ba ta yi musu ba. Ta ce yayanta malamin firamare ne, shi ya bi rubutun da jan biro ya gyara mata nahawu, ta kuma nuna shafukan farko da gyaran a jiki. Mun duba, gyaran bai wuce na jinsi da lokutan aikatau da rubutun kalma ba, babu jimlar da aka ƙara. Ƙa'idar darasin ba ta hana wannan ba, kodayake ya kamata a tuna cewa ba kowane ɗalibi ke da irin wannan yaya a gida ba.

Malamin da ya yi zargin bai gamsu ba tukuna, sai ya kawo shawarar da ta fi kowace amfani a zaman: a ba ta abin da ba ta taɓa gani ba ta yi bayaninsa a gabanmu. Aka ɗauko wani matashin fata daga ofishin shugaban sashe da wata ƙwarya mai zane. Abin da ta fara cewa shi ne: "Malam, in taɓa?" Da aka ba ta izini ta juya matashin ta buɗe bakinsa ta dubi ɗinkin ta ciki, ta ce na keke ne, domin zare biyu ne suka sarƙe, na sama da na ƙasa, kuma tazarar ɗaya ce ko'ina; amma tuntun da ke kusurwa da hannu aka ɗaura shi. Ta ce jan rinin kasuwa ne. A kan ƙwaryar, wadda ba fanninta ba ce, ta bambance layin da aka ƙona da ƙarfe mai zafi, mai baƙin gefe, da wurin da aka kankare bayan ƙwaryar da wuƙa aka shafa farar ƙasa. Da aka tambaye ta garin da aka yi ta, ta ce ba za ta yi hasashe ba sai ta tambayi masu sana'ar. Gani ya kori ji, malamin da kansa ya janye zargin a wurin.

Tun da an buɗe wannan ƙofa, sai muka ga adalci shi ne a sake duba ayyukan sauran ajin. A nan ne abin da ya fi tayar mini da hankali ya fito. Ayyukan da aka yi kan masallacin Agadas suna da sakin layi guda iri ɗaya, kalma da kalma, wanda binciken ƴan mintoci a intanet ya nuna inda aka kwaso shi: an gina shi a farkon ƙarni na 16, an sake gina hasumiyar a 1844, UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Bayanan daidai ne, amma babu jimla ɗaya da ke nuna marubutan sun tsaya sun dubi ko da hoton ginin. Waɗannan ayyuka sun samu maki matsakaici, masu su sun ci jarrabawar hotuna da kyau, kuma babu wanda ya yi tunanin zargin su, saboda makinsu biyu sun yi kusa da juna. Hanyar da muke bi wajen kama maguɗi ta tsallake masu kwafi ta faɗa kan wadda ta yi aikin da hannunta.

Hukuncin kwamitin ya zo kamar haka. An tabbatar wa ɗalibar 16 ɗinta. Ba a soke sashen hotuna ba, domin yin haka zai cuci waɗanda suka yi bita da gaske suka ci. An yarda cewa hoton Monet ya lalace har ba ya ganuwa, don haka aka ba kowa makinsa, abin da ya ɗaga jarrabawarta zuwa 5.5, jimla 9.7. Malamin darasin ya nemi a yi wa hoton Lascaux haka, kuma kowa a ɗakin ya san cewa in aka yi, jimlarta za ta kai 10.6 ta tsallake. Mafi rinjaye suka ƙi, bisa hujjar cewa siffar bijimin tana nan ana ganinta. Na goyi bayan ƙin, domin bai dace a yanke hukunci kan ingancin hoto ana kallon makin mutum guda ba, kuma wadda ta sa masallacin Yama a ƙarni na 16 tana da sauran karatu a gabanta. Masu kwafin kuwa an mayar musu da ayyukansu su sake, kowa kan abin da zai iya gani da idonsa a Maradi.

Abin da hukuncin bai gyara ba shi ne abin da zargin ya riga ya jawo. Maganar ta fita daga ɗakin zama kafin a gama bincike, ƴan ajin sun ji, kuma babu wata hanya a ƙa'idar makarantar ta sanar da cewa an wanke mutum, tunda a hukumance ba a taɓa tuhumar ta ba. Na nemi shugaban sashe ya faɗa a gaban ajin cewa an duba aikin an same shi sahihi, ya kuma yi, amma wannan alheri ne na mutum guda, ba haƙƙin da ɗalibi zai iya nema ba. Ya kamata a rubuta a ƙa'ida cewa tazarar maki tana iya zama dalilin yin tambaya a asirce, kuma ba a furta kalmar maguɗi sai an ga takardun aiki an ji ta bakin mai su.

A zagaye na biyu malamin ya sauya tsarin. An buga hotunan da launi, aka rubuta girman kowane aiki a ƙarƙashinsa. An rage makin gane hoto zuwa rabi, an ƙara tambayar jera ayyuka bisa zamani, wadda ke kama irin kuskuren Nok da Bura kai tsaye, sannan aka ajiye wani abu da ba a koyar ba a kan teburi a ce a bayyana shi a rubuce. Ɗalibar ta samu 11 a wannan zagayen, yawancin makin daga bayanin abin da ke kan teburi da jerin zamani, gane hotunan Turai kuwa har yanzu da saura. Bugun launin ya yiwu ne saboda masu komawa zagaye na biyu ba su da yawa, kuma malamin ne ya biya daga aljihunsa. Shawarar da aka gabatar ta cewa kowane ɗalibi ya kare aikinsa da baki na ƴan mintoci ta samu karɓuwa a sashe, amma malami ɗaya ba zai iya sauraren aji guda cikin makon jarrabawa ba, don haka an tura maganar ƙarin malami da ta kuɗin buga hotuna ga hukumar makarantar domin a sa su cikin kasafin shekara mai zuwa.